LABARIN GAHAWA DA GIDAJEN SHANTA

A birnin Santambul, cikin ƙasar Turkiyya, akwai wata unguwa a bakin ruwa wadda a ke kira Eminonu. Nan ne jiragen fito su ke sauke dubban mutane kowace safiya. Unguwa ce ta ciniki, ba ta rabuwa da cinkoso tun daga hantsi har faɗuwar rana. A tsakiyarta akwai wata tsohuwar kasuwa mai rufi, sunanta Kasuwar Masar, wadda aka gina wajen shekarar 1660, inda a ke sayar da kayan yaji da busassun 'ya'yan itace. In baƙo ya ratsa wannan kasuwa ya ɓulla ta ƙofar baya, sai ya faɗa wani matsattsen lungu, ga 'yan dako, ga masu talla, kowa na turin kowa. Kafin idonsa ya ga kome, hancinsa ya riga ya gaya masa inda ya zo, gama ƙanshin gahawa ya cika wurin duka.

Sunan lungun nan Tahmis, kalma ce ta Larabci, ma'anarta suya. A kan kusurwarsa akwai wani kanti wanda bai cika girma ba, amma da wuya a same shi ba jerin gwanon mutane a bakinsa. Samari na tsaye a tagogi, wannan na awo, wannan na ƙunshewa cikin takarda, wannan na karɓar kuɗi, hannuwansu kamar walƙiya. Ƙunshin da za a miƙa wa mai saye ya kan zo da ɗuminsa, don yanzu aka sauke garin daga injin niƙa. Kantin nan na zuriyar wani mutum ne, Muhammadu Efendi. Baƙon da ya tsaya a layin nan, ko ya sani ko bai sani ba, yana tsaye ne kusa da inda aka buɗe gidajen gahawa na farko a birnin, tun shekarar 1555. A kan wannan abin sha malamai sun yi jayayya, alƙalai sun yi shari'a, sarakuna sun kashe mutane, an kuma bautar da bayi masu yawan gaske. Ga yadda abin ya faru.

ASALIN GAHAWA

Gahawa ɗiyar wani ɗan itace ce wanda ba ya son zafi ƙwarai, ba ya kuwa jure jaura. Ya fi yin kyau a kan tuddai masu ni'ima da yawan ruwan sama. Ya kan yi fure fari, sa'an nan ya yi 'ya'ya ƙanana kore, in sun nuna su koma ja. Cikin kowane ɗa akwai ƙwaya biyu suna fuskantar juna. Su ne a ke ɓarewa, a shanya, a soya, a daka, a dafa. Asalin irin da ya fi daraja daga dazuzzukan kudu maso yammacin Habasha ya ke, inda har yanzu ya ke tsira da kansa ba wanda ya shuka.

Abin da ya sa ta ke kore barci, wani magani ne da Allah ya sa a cikinta, Turawa suna ce da shi kafeyin. Wani masani Bajamushe, Runge, shi ya fara fid da shi daga ƙwayar a shekarar 1819. Maganin nan shi ne dai a cikin ganyen shayi, shi ne kuma a cikin goro. Saboda haka duk wanda ya taɓa cin goro da dare ya kasa runtsawa, ya san aikin gahawa ko bai taɓa kurɓarta ba.

Akwai wani labari da a kan bayar, wai wani makiyayi ne a Habasha ya ga awakinsa suna tsalle bayan sun ci 'ya'yan itacen, shi ma ya ɗanɗana. Wannan tatsuniya ce, ba a rubuta irinta ba sai a shekarar 1671, bayan gahawa ta daɗe da watsuwa. Tarihin da ya tabbata a ƙasar Yamal ya fara.

SUFAYEN YAMAL

Cikin ƙarni na 15, 'yan ɗariƙun Sufaye na Yamal su ne aka fara sani da shan gahawa. Mutane ne masu raya dare da zikiri, babban abokin gabansu kuwa gyangyaɗi. Sai su dafa ta cikin babban kasko, shehunsu ya riƙa ɗiba da ɗan ƙoƙo yana miƙa wa almajirai, ana zagayawa ta dama, zikiri kuwa bai tsaya ba. Cikin malaman da a ke ambata game da wannan akwai Shehu Zabhani, muftin Adan, wanda ya rasu wajen shekarar 1470. Wani malami na ƙarni na 16, Abdulƙadir Aljaziri, shi ya tattara labarin cikin littafinsa mai suna Umdatus Safwa, ya kuwa rubuta shi ne don ya nuna gahawa halal ce.

Sufayen nan ba a cikin zawiya su ke wuni ba. Da rana waɗansu maɗinka ne, waɗansu fatake, waɗansu malamai. Ta haka gahawa ta fita daga wurin zikiri ta shiga gida da kasuwa. Manoman Yamal suka yi ta shuka ta a kan gangaren duwatsu, ana kai ta tashar jiragen ruwa ta Moka a bakin Bahar Maliya. Ba a daɗe da shiga ƙarni na 16 ba sai ga ta a Makka da Madina, ga ta kuma a Alƙahira, inda ɗaliban Yamal su ke shanta a sashensu na masallacin Azhar. Alhazai kuwa, da su ke zuwa daga kowace kusurwa, suka ɗauki labarinta zuwa garuruwansu.

SHARI'AR MAKKA

A shekarar 1511, watau 917 ta Hijira, Makka tana ƙarƙashin Sarkin Masar, Kansu Algauri. Wakilinsa a garin wani ne Hairu Bek, shi ne kuma muhtasibi, mai duba kasuwa da halayen jama'a. Wata rana da dare, ya fito daga masallaci, sai ya hangi waɗansu mutane zaune da fitilu, suna miƙa wa juna ƙoƙo. Yadda su ke zagayawa da shi ya yi masa kama da zaman mashaya. Ya tambaya, aka ce gahawa ce, har ma akwai wuraren da a ke sayar da ita, mutane na taruwa suna hira da wasanni.

Kashegari ya tara malamai da alƙalai. Aka kawo likitoci biyu 'yan'uwan juna, mutanen Farisa, suka ba da shaida cewa tana cutar da jiki da hankali. Waɗansu kuma suka tashi suka ce sun sha, hankalinsu ya juya. An ce wani daga cikinsu ya rantse buguwarta daidai ta ke da ta giya, sai aka tambaye shi yadda aka yi ya san buguwar giya, bakinsa ya jawo masa bulala. Duk da haka taron ya watse a kan an haramta. Aka yi shela, aka ƙone buhunan gahawa a titi, aka hori masu sayarwa.

Hairu Bek ya aika da takardar hukuncin zuwa Alƙahira don a tabbatar. Amsar da ta komo ba ta yi masa daɗi ba, gama an yarda a hana taron banza, amma ba a ce ita kanta gahawar haram ce ba. Shekara na zagayowa aka tuɓe shi, mutane suka koma ga ƙoƙonsu a fili.

A Alƙahira ma an yi irin wannan. Wajen shekarar 1534 wani mai wa'azi ya yi ta sukar gahawa, har jama'a suka fusata suka afka wa masu sayarwa, suka farfasa musu tukwane. Magana ta kai gaban alƙali Muhammadu ɗan Iliyasu. Shi kuwa, maimakon ya tsaya ga ji-ta-ji-ta, sai ya tara mutane a gidansa, ya sa aka dafa, aka ba su suka sha, ya zauna yana zance da su yawancin yini yana lura da su. Bai ga wanda harshensa ya karye ko hankalinsa ya gushe ba. Ya bar ta a kan halal. Gani ya kori ji.

GIDAJEN FARKO A SANTAMBUL

Turkawa sun ci Masar a shekarar 1517, suka kuma kama Adan a 1538. Hanyar gahawa duka ta komo hannunsu. Wani marubucin tarihinsu, Ibrahim Pecewi, ya ba da labari cewa wajen shekarar 1555, zamanin Sarki Sulaimanu, mutum biyu suka zo daga ƙasar Sham, Hakam daga Halab, Shamsu daga Dimashƙu. Kowannensu ya buɗe shago a unguwar Tahtakale, wadda ke manne da lungun Tahmis, suka shiga sayar da dafaffiyar gahawa.

Kafin wannan lokaci, in mutum yana son ya gana da abokansa, sai ko a masallaci, ko ya kira su gidansa ya yi ɗawainiyar abinci. Gidan giya kuwa ba wurin mai mutunci ba ne. To, ga wuri ya samu inda da 'yan kuɗi kaɗan mutum zai zauna, ya sayi finjali ga kansa, ya saya wa baƙonsa, ba wanda zai zarge shi. Nan da nan shagunan suka cika. Waɗansu na karatun littattafai, waɗansu na dara, mawaƙa na karanta sababbin waƙoƙinsu, ma'aikatan da aka sallama suna jiran labarin sabon aiki. Har aka riƙa yi wa gidajen kirari da makarantun masu sani.

Ba a daɗe ba ƙara ta tashi. Limamai da ladanai suka ce sahu ya ragu, mutane sun tare a gidan gahawa. Waɗansu malamai suka ba da fatawa cewa duk abin da aka ƙona har ya zama gawayi haram ne a ci. Daga baya waɗansu suka duba suka ce suyar gahawa ba ta kai ta ga zama gawayi ba. Aka yi ta rufewa ana buɗewa, masu shaguna kuwa su kan bar ƙofar baya ga abokan cinikinsu.

SARKI MURADU NA HUƊU

Wanda ya fi kowa tsanani shi ne Sarki Muradu na Huɗu, wanda ya yi sarauta daga 1623 zuwa 1640. Ya hau gado yana yaro, shekara guda bayan sojoji sun yi tawaye sun kashe wansa, Sarki Usmanu na Biyu. Saboda haka ya tashi da tsoron duk wurin da sojoji da talakawa ke haɗa kai suna magana. A shekarar 1633 gobara ta ci babban yanki na birnin. Mutane suka zauna a gidajen gahawa suna gunaguni, suna ɗora laifi a kan masu mulki. Sarki ya ce a rufe gidajen duka, ya kuma hana shan taba, ya ce daga wurin masu busa ta wuta ke tashi. An ce shi da kansa ya kan ɓad da kama ya zaga gari da dare, wanda aka kama kuwa sai takobi. Mutane da yawa sun rasa rayukansu ta haka.

Abin lura a nan shi ne, ba ruwan cikin finjali ne ya dami Hairu Bek da Muradu ba, bakin masu shansa ne. Wurin da talaka zai zauna kusa da malami da soja, a tambayi dalilin tsadar burodi, a tambayi inda kuɗin haraji ya tafi, shi ne abin tsoro ga mai mulkin da bai yarda da kansa ba. Amma dokar ba ta daɗe bayan mai ita ba. Kafin ƙarnin ya ƙare gidajen sun komo, hukuma kuwa ta ga ya fi mata riba ta aza wa gahawa haraji.

GAHAWA A BIRNIN LANDAN

Fataken Turawa da ke zuwa ƙasar Turkawa su suka kai al'adar gida. Wani ɗan kasuwa Baingile, Daniel Edwards, ya komo daga Izmir tare da baransa Pasqua Rosee, wanda ya iya dafa gahawa. Baƙi suka dami gidan maigidan da zuwa sha, sai aka kafa wa baran 'yar rumfa a wani lungu cikin tsakiyar Landan a shekarar 1652. Shi ne gidan gahawa na farko a birnin. Da kwabo ɗaya mutum zai shiga, ya sha, ya karanta takardun labarai, ya ji muhawara.

Abin da ya faru a Makka da Santambul sai da ya faru a nan. A ƙarshen watan Disamba na 1675 Sarki Charles na Biyu ya yi shela a rufe gidajen gahawa, ya ce matattarar marasa aikin yi ce, masu baza ƙarya a kan hukuma. Jama'a da 'yan kasuwa suka yi ca, har ya janye dokar cikin Janairu 1676, tun ranar fara aiki da ita ba ta zo ba.

Ɗaya daga gidajen nan na wani ne Edward Lloyd, wanda aka san shagonsa tun 1688. Masu jiragen ruwa da fatake su ke taruwa wurinsa, shi kuwa ya kan tattara musu labarin jirgin da ya iso da wanda ya nutse. A kan teburansa attajirai suka riƙa ɗaukar lamunin jirage: mai jirgi ya biya wani abu, in jirgin ya halaka su biya shi hasararsa. Daga wannan ɗan shago babbar kasuwar inshora ta Lloyd's ta samo asali, tana nan har yau da sunansa.

ITACEN YA ƘETARE TEKU

Shekaru da yawa Yamal ce ke ciyar da duniya da gahawa. Amma a ƙarshen ƙarni na 17 mutanen Holanda suka sami irin, suka shuka a tsibirin Jawa. Daga can aka kai tsiro ɗaya lambun birnin Amsterdam a 1706, aka kuma yi wa Sarkin Faransa, Louis na 14, kyautar wani a 1714. Wajen 1723 wani hafsan Faransa, de Clieu, ya ɗauki ɗan tsiro a jirgin ruwa zuwa tsibirin Martinik. Ruwan sha ya yi ƙaranci a hanya, ya riƙa raba rabonsa da tsiron har suka isa. A 1727 irin ya shiga Barazil.

Nan labarin ya yi baƙi. Noman gahawa yana bukatar hannuwa da yawa, don da hannu a ke tsinke 'ya'yan. Turawan da suka buɗe manyan gonaki a can da bayi suka yi aikin, mutanen da aka kwaso daga Afirka. Wajen shekarar 1788 ƙasar da a ke kira Haiti yanzu ita ke fid da kusan rabin gahawar duniya, da gumin bayi, har suka yi tawaye a 1791. Daga baya Barazil ta shige gaba, ba ta kuwa soke bauta ba sai 1888. Har yanzu ita ce kan gaba, tana noma wajen sulusin gahawar duniya. Moka kuwa, wadda dā jirage ke layi a bakinta, ta koma ƙaramin gari. A Afirka Habasha ce ta fi kowa nomanta. A Nijeriya ma a kan shuka ta kaɗan a kan tsaunin Mambila, inda sanyi da ruwa suka dace da ita.

KOMAWA LUNGUN TAHMIS

Dā a Santambul ɗanyar ƙwaya a ke saye, kowace mace ta soya a kaskonta, ta niƙa da hannu. Muhammadu Efendi ya karɓi shagon ubansa a lungun Tahmis a shekarar 1871, yana saurayi. Sai ya yi dabara, ya riƙa soyawa da kansa, ya daka a turmi, ya sayar da gari wanda ba abin da ya rage sai ɗorawa a wuta. Ƙanshi ya yi masa talla. Ya rasu a 1931, 'ya'yansa suka ci gaba, har zuriyar ta ɗauki sunan sana'ar ya zama sunanta, Kurukahveci, watau mai sayar da busasshiyar gahawa. Abin mamaki, yawancin ƙwayar da Turkawa ke sha yanzu daga Barazil ta ke zuwa, jikanyar wadda ta bar Yamal tun ƙarni na 17.

Baƙon da ya sayi ƙunshinsa, in ya ɗan taka kaɗan zai sami inda za a dafa masa. Garin ya kan yi laushi kamar na alkama. A zuba shi da ruwan sanyi cikin 'yar butar tagulla mai dogon hannu, a ɗora a wuta marar ƙarfi, a jira kumfa ta taso, a juye a finjali ba tacewa. A kan kawo ta da ruwan sha da ɗan alewa. Ba a gaggawa, sai an bari garin ya kwanta. Ko da ya ke Turkawan yanzu sun fi shan shayi, wanda su ke nomawa a yankin Rize, gahawa ce ta girmama baƙo. In an je neman aure, yarinyar ce ke dafa wa baƙi, ta kan kuwa zuba gishiri a finjalin saurayin don a ga haƙurinsa. A shekarar 2013 hukumar UNESCO ta sa wannan al'ada cikin abubuwan gadon 'yan Adam da ya kamata a kiyaye.

A manyan biranen duniya kuma wani sabon salo ya fito. Tun 1974 wata 'yar kasuwa a Amurka, Erna Knutsen, ta fara kiran zaɓaɓɓiyar ƙwaya da sunan gahawa ta musamman. Gwanayen ɗanɗano su kan ba ta maki, sai wadda ta sami 80 cikin 100 ta ke shiga wannan aji. Ƙananan shagunan da ke sayar da ita su kan soya kaɗan kaɗan, su rubuta sunan ƙasa da gunduma, wani lokaci har da sunan gonar, kamar Harar ko Yirgacefe na Habasha. Amfanin wannan shi ne, mai sha ya san akwai manomi a bayan finjalinsa, manomin da ya gyara aikinsa kuma ya sami dalilin neman ƙarin kuɗi. Duk da haka har yanzu abin da ke isa hannun manomi kaɗan ne ƙwarai cikin kuɗin da a ke biya a shago.

Wanda ya san teburin mai shayi a bakin tasha, ko majalisar dattawa a ƙofar gida ana fasa goro, ya san abin da ya riƙe gidan gahawa tun zamanin Hakam da Shamsu. Ɗan Adam yana bukatar inda zai zauna da ɗan'uwansa, ya ji, a ji shi. Hairu Bek ya ƙone buhuna, Muradu ya zare takobi, Charles ya buga shela, dukansu sun wuce, lungun Tahmis kuwa yana nan cike da mutane. Alƙalin Alƙahira, wanda ya gwada kafin ya yanke hukunci, shi ne maganarsa ta tsaya. Turkawa suna da karin magana, su kan ce finjalin gahawa ɗaya, shekara arba'in a ke tunawa da alherinsa.